Ƙafar Mota da Hanyar Gida



Duk wanda ya taɓa shan zaman benci a garejin bakanike a garin nan ya san kashi huɗu suke kasa mota: akwai inji, akwai wayarin, akwai bodi, sai kuma ƙafa. Ƙafa a bakinsu ita ce duk wani ƙarfe da roba da ke tsakanin taya da gangar jikin mota, wato su shokozoba da sifirin da bushin da boljoyin da tarod da linkeji. Mu masu motoci inji muke yi wa hidima. Mutum zai gaya maka ranar da ya yi juye da irin baƙin man da ya zuba, zai sa a wanke bodi har ya riƙa ganin fuskarsa a jiki, amma ka tambaye shi shekarun shokozobar motarsa sai ya tsaya yana kallonka. Ita ƙafa ba a tuna ta sai ta fara ƙwal-ƙwal a kan gargada, shi ma ɗin sai a ce yaron gareji ya shiga ƙasa ya ɗaure abin da ke ƙara, a ba shi na shayi, a wuce.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka, ta shigo ƙasar nan ta Kwatano, ni kuma na same ta a hannu na biyu a 2016. Ita ke kai yara makaranta da safe, ta wuce da ni wajen aiki cikin Yola, ta dawo da ni Limawa da la'asar, ta kai uwargida kasuwar Jimeta, ranar Asabar kuma ta tsallaka gada zuwa Girei inda ƙanwata ke aure. Wannan duk ƙaramin aiki ne. Babban aikinta sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, lokacin da za mu je gida.

Na san wasunku sun yi murmushi da na ce gida. Kakanmu daga ƙasar Rano ya taso, zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina suna lodin gyaɗa da auduga da fatu a bakin kogi, ya sauka a Limawa, a nan ya haifi mahaifinmu, a nan aka binne su duka biyun. Duk da haka in Sallah ta matso sai ka ji muna cewa za mu gida. In mun je can kuma su ce ga 'yan Adamawa sun zo, su yi ta dariyar Hausar 'ya'yanmu wai ba ta san namiji da mace ba, in mun dawo nan abokan wasanmu Fulani su tare mu da "Jabbama, Kaɗo ya dawo." To, tsakanin gidajen nan biyu tafiya ce da ta haura kilomita 600: Numan, Cham, Kaltungo, Billiri, Gombe, sannan mu bi ta Dukku da Darazo mu ɓulla Birnin Kudu. Mutum biyar ne a motar, ga kaya maƙil a but, kuma a kujerar baya akwai Hajiya, mahaifiyata, wadda ciwon baya ya daɗe yana damunta amma ba ta yarda a bar ta ba.

A ƙarshen 2024 motar ta fara wata irin tafiya. A cikin gari ba ka jin komai, domin gudun da masu keke-napep suka bar maka bai wuce na rakiyar amarya ba. Amma da ka wuce Ngurore ka miƙi hanyar Numan, allura ta kai tamanin ko casa'in, sai ta koma kwalekwale. In ta hau ɗan tudu ta sauka, maimakon ta zauna sau ɗaya sai ta yi lilo biyu ko uku. In tirela ta gifta sai iskarta ta ture ta gefe, kana ta lallashin sitiyari. In ka taka birki da ƙarfi sai ta sunkuyar da kai, baya ya ɗaga. A shataletalen Mubi kuwa kwanciya take yi gefe guda, har Hajiya ta kama mariƙin nan na saman ƙofa tana salati. Da na shafa tayoyin gaba sai na ji sun ci tudu da kwari, kamar an bi su da cokali ana ƙwaƙula. Wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da ke fitowa ba sallama: garken shanu, yaro a kan keke, ramin da bara babu shi. A irin wannan lokaci abin da kake buƙata shi ne ka taka birki ka karkata sitiyari, mota ta bi umarni nan take. Tawa ta fara yin shawara kafin ta bi.

Da na ce zan gyara ƙafa gaba ɗaya kafin Babbar Sallar 2025, wadda ta faɗo a farkon watan Yuni, sai mashawarta biyu suka taso mini, kowa na ja ta gefensa.

Na farko ɗan yayana ne, ɗalibi a jami'ar Modibbo Adama, wanda rabin darensa a YouTube yake ƙarewa wajen kallon yadda Turawa ke gyara motoci. Ya zo da wayarsa ya zauna kusa da ni. "Baffa, tunda za a kashe kuɗi, a yi abin na gaske. A sa gajeren sifirin mota ta zauna ƙasa, a sa shok mai tauri, a cire wilin nan a sa mai lamba 17. Wallahi kwana za ka riƙa sha kamar an zana da biro." Na biyu kuma bakanikena ne, dattijon da ya fi shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motoci. Shi da ya ji maganar yaron sai da ya ajiye sifana don dariya. "Alhaji, motar Amurka ce, hanyar Adamawa za ta bi. Ɗaga ta za mu yi. Mu sa mata roba mai kauri a kan sifirin, a baya mu nemo sifirin babbar mota. Je ka tashar Jambutu ka gani, wa ya bar motarsa yadda ta zo?"

Kowannensu yana da gaskiyarsa, shi ya sa abin ya ɗauke ni makonni ina juyawa. Bari in faɗi yadda na fahimci aikin, mai karatu ya yi mini alƙalanci.

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Shokozoba ba ya ɗaukar kaya, aikinsa ya hana sifirin lilo. A cikinsa akwai mai da wani fistin mai 'yan ƙananan kafofi. Duk lokacin da taya ta yi sama ko ƙasa sai an tatsi man nan ta cikin kafofin, ƙarfin girgizar ya koma zafi ya fice. In ya mutu, da taya ta daki rami sai ta yi tsalle kamar ƙwallo, kuma a ɗan lokacin nan da take sama babu birki babu sitiyari. Motar nan da ta haura tan guda, da mutanen cikinta da kayansu, a kan wuri huɗu take tsaye, kowanne bai fi tafin hannu ba. Duk abin da direbobi ke nufi in sun ce mota tana kama titi, ko tana da balans, bai wuce wuraren nan huɗu su zauna daram a ƙasa ba. Gaban Corolla kuma irin ƙirar nan ce da ake kira da sunan Earle MacPherson, injiniyan Amurka da ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940: shokozoba da sifirin wuri guda suke, kuma su ke riƙe da tsayuwar taya. Saboda haka in shok ɗin gaba ya yi sako-sako, har tsayuwar tayar sai ta canza, ga dalilin cin tayar da na ji da hannuna.

To, maganar ɗan yayana. Gaskiya ne in mota ta yi ƙasa nauyinta ya matso kusa da titi, ba ta kwanciya a kwana, in sifirin ya yi tauri kuma ba ta lilo. A titin Jamus mai sulɓi kamar faranti, ko a filin tsere, babu mai musu. Mu ma yanzu muna da titunan da za a yi alfahari da su. Wanda ya san Jimeta kafin kwaltar da aka shimfiɗa zamanin Bindow da gadojin sama na zamanin Fintiri ya san an samu canji. Amma motata ba a kan titin Galadima Aminu take kwana ba. Tsakanin cikinta da ƙasa kimanin santimita 15 ne, gajeren sifirin kuma yakan rage uku ko huɗu. Sai ka tuna da tuddan rage gudu na cikin unguwanni, waɗanda mutanen layi ke haɗa kuɗin siminti su gina da kansu ranar da mota ta kaɗe yaro, kowace unguwa da injiniyanta, wani tudun sai ka ce katangar makabarta aka fara. Ka tuna da damina, yadda ruwa ke kwanciya a wasu layukan Jambutu da Doubeli ya ɓoye duwatsu. Abin da ya fi wannan ma, ƙafa mai tauri a kan hanya mai gargada ba ta kama ƙasa. Tsalle take yi daga wannan tudu zuwa wancan, wato ka biya kuɗi ka sayo ainihin ciwon da kake gudu.

Wili mai lamba 17 ma lissafi ne mai sauƙi. Tayar motata 195/65 ce a kan wili 15. Ma'anar lambobin, faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 127 ke nan na roba da iska tsakanin wili da rami. In ka koma wili 17 da taya 215/45, abin da ya rage bai kai milimita 97 ba. Gefen tayar nan shi ne sifirin farko na mota, shi ke fara shan duka. Rage shi, rami ɗaya tsakanin Numan da Cham ya ishe ka: taya ta yi ƙari, wili ya lanƙwashe, kana tsaye a daji da tsohuwa a mota.

Maganar bakanike ta fi ƙarfi, domin daga ƙasar nan ta tsiro. Kowa ya san 'yan Starlet ɗin da ke bin hanyoyin Mubi da Fufore da bakin iyakar Kamaru, yadda in babu kaya bayansu ke kallon sama kamar fara za ta tashi, in an yi lodi kuma su daidaita. Direbobin nan ba wawaye ba ne. Sun gyara motocinsu don aikin da suke yi, su ɗauki kayan da ya ninka abin da aka ƙera motar don shi, su bi hanyar da ba kwalta. Sai dai buƙatarsu kaya ce, tawa kuwa mota ta bi sitiyari. In ka ɗaga mota, nauyinta ya yi sama, kwanciyar kwana ta ƙaru. Shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba ya karkace fiye da yadda aka tsara, robarsa ta riƙa yagewa da wuri. Shokozoba kuma ya zauna a miƙe kusa da ƙarshen tafiyarsa, ta yadda in taya ta faɗa rami babu sauran tsawon da zai bi ta. Sifirin babbar mota a bayan ƙaramar mota kuwa, ranar da kake kai kaɗai ba kaya, bayan nan rawa zai riƙa yi, in ka shiga kwana mai yashi yana iya riga gaba wucewa. Kwana ɗari uku da wani abu na shekara ni da jakar aiki ne kawai a motar. Ba zan lalata su don kwana huɗu na lodi ba.

Abin da ya warware mini shawara tunanin Fijo ne. Mu da muka taso a shekarun 1980 a bayan 504 muka san hanyar gida, lokacin ana ce da jihar nan Gongola. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru, kuma a 1975 ɗin ce ta cinye gasar Safari ta Kenya, tseren da ake yi a kan jar ƙasa da taɓo. Wanda ya shige ta zai tuna ƙafarta ba ta da tauri ko kaɗan. Sifirinta mai laushi ne mai doguwar tafiya, taya na da sararin hawa da sauka, amma shokozobarta na da ƙarfin riƙewa, har kamfanin da kansa yake ƙera nasa shok ɗin maimakon ya saya a waje. Shi ya sa take haɗiye rami ta zauna sau ɗaya, direba na gudu fasinja na gyangyaɗi. Corolla ba za ta zama Fijo ba, amma darasin ya fito: a irin hanyarmu, a bar wa sifirin laushinsa da tsawonsa, a sa kuɗi a shokozoba da duk wani abin da ke hana taya wasa.

Nan aka zo wajen kasuwa, kuma nan ne aikin yake. Shok iri huɗu za a miƙo maka a garin nan. Akwai ɗan Baljiyam, wanda aka ciro daga motar da aka yanka a waje; mutane na son sa wai asali ne, amma an manta cewa motar da aka ciro shi sa'ar tawa ce, wataƙila ya sha tafiyar da ta fi ta wanda zan cire. Akwai ɗan ɗuri, wato mataccen shok da aka huda aka ɗura masa mai, aka toshe da walda, aka fesa baƙin fenti. Mako biyu zai yi maka ladabi, daga nan ya fara hawaye. Akwai sabo a kwali da sunan babban kamfani a jiki, alhali kamfanin bai san da zamansa ba. Sai na huɗu, sabo na gaskiya, wanda in an faɗi kuɗinsa sai ka nemi wurin zama. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma kowane ƙarfe a motar nan da dala ake shigo da shi, ko ta Ladipo a Legas ko ta Nnewi da Anaca ya biyo. Ban ga laifin mai iyali da ya sayi ɗan Baljiyam ba, aljihu ne ke yanke hukunci. Amma dai araha ba ta ado.

Ni KYB na saya, mai gas, guda huɗu. Na zaɓi mai gas ne saboda zafin garin nan. Wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Yola ya san ma'auni na haura 40, kwalta kuma ta fi haka. In shok ya yi ta aiki a kan gargada cikin wannan zafi, man cikinsa kan yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Iskar naitirojin da ake matsawa a ciki ita ke danne man ta hana shi kumfar. Wani ɗan uwanmu da ke harka a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na tura wa lambar kayan, ya karɓo daga hannun dilan da ya yarda da shi, ya sa a motar haya. Da suka iso bakanike ya ɗauki ɗaya ya jinjina nauyinsa, ya duba waldar gindinsa, ya danna sandar har ƙasa ya saki, ta taso a hankali ba tare da cijewa ba. Ya ce, "Wannan kam shi ne." Na haɗa da sababbin sifirin baya masu tsayin asali, domin tsofaffin shekara ashirin sun gaji sun zauna. Kuɗin duka ya kai na rago mai kyau. Shekarar nan haɗaka na shiga da maƙwabta muka yanka sa, yara suka yi ta ƙunƙuni don ba su samu ragon da za su ja a layi ba.

Kwana uku aka yi ana aikin, kuma dole in yaba wa dattijon nan. Shi ya gano cewa robar saman shok ɗin gaba, wadda suke kira fad, ta tsage, ya ce in an ɗora sabon shok a kanta ƙarar ba za ta tafi ba kuma sitiyari zai riƙa cijewa. Shi ya sa ƙarfe ya banƙara lowa-am ya nuna mini yadda bushin ya rabu da gidansa, taya na matsawa gaba da baya duk lokacin da aka taka birki. Da aka zo kan boljoyin, wani yaronsa ya ce ai za a iya bubbuga shi a cusa roba ya ƙara shekara, sai ya daka masa tsawa. Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, ka sha ganin mota a bakin titi ta gurfana, taya ta shige ciki. Wannan ɗan ƙarfen ne. A komai ina yi wa mutum sauƙi, ban da shi." Aka sa sababbi, da tarod da linkeji, kowanne hagu da dama, domin ƙafa ba a yi mata gyaran ɓari guda, sabo a dama tsoho a hagu, mota ta riƙa ɗingishi ke nan.

Wuri ɗaya muka yi ja-in-ja. Al'adar gareji ita ce a ɗaure komai tam tun mota na kan jak, tayoyi na reto, sannan a sauke. Ni kuma na roƙa a bar notocin bushin da sauƙi, a sauke motar ta tsaya da nauyinta, sannan a ɗaure. Dalili shi ne robar bushin ba juyawa take yi a kan ƙarfe ba, murɗewa take yi. In an ɗaure ta ƙafa na reto, da an sauke mota ta riga ta murɗe, haka za ta zauna dare da rana a matse, kafin shekara ta yage, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, tun ba ka yi aure ba nake wannan aiki." Na ce, "Oga, na sani, kuma ba don na raina ba. Alfarma nake nema." Ya yi shiru, can ya sa yara suka tura motar kan rami, ya shiga da kansa ya ɗaure. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Daga nan sai wajen alaimen, wanda bayan irin wannan aiki wajibi ne, kuma na na'ura, ba na igiya da ido ba. Sai taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3524, an yi ta a mako na 35 na 2024 ke nan. Jami'an kiyaye haɗurra sun daɗe suna wa'azi a kan wannan, mu kuma muna ɗauka neman na goro ne, alhali roba in ta tsufa bushewa take yi, ko da zanenta na nan raɗau. Na sa sababbi biyu a lokacin, biyu bayan albashi ya shigo, duka a lambar asali.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuma ko sisi ba a kashewa a kansa: iska. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa, ta motata wajen 30 ta ce. Je ka wajen mai faci ka ce ya duba maka iska ka gani, 45 ko 50 zai ɗura, ya bubbuga da ƙarfe ya ce ta yi. In ka yi magana ya ce hanya ce ba kyau, ko ya ce mai zai fi auki. Tayar da aka cika haka dutse ce, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, tafin hannun nan da muka yi magana ya koma yatsu uku. Rabin motocin da ake kai wa bakanike da kukan tauri, ina kyautata zaton a rage musu iska kawai za su warke. Na sayi ɗan ma'aunina na ajiye a mota, da safe nake dubawa kafin taya ta ɗau zafi, mai facin layinmu har ya sa mini suna Injiniya.

Ɗan yayana bai haƙura ba. Da ya ga gajeren sifirin da wili sun faɗi, sai ya dawo da maganar sandar nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda ke hana mota kwanciya a kwana, ya ce a sa mai kauri, musamman a baya. A nan ma karatunsa daidai ne, har ya burge ni: ƙarfin sandar ba da kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa ba, in kaurinta ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, taurinta sai ya ƙaru da kusan kashi 46. To wannan ɗin ne ya tsorata ni. Masu ƙera motar iyali da gangan suke saita ta yadda in gudu ya yi yawa a kwana gaba ne zai fara zamewa, domin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta dawo hanya. In ka taurara baya, baya ne zai fara zamewa, wannan kuwa sai gwani, ni kuma uwargida ma tana jan motar nan. Robobin sandar kawai aka canza.

Ranar tafiya da asuba muka fita. Ba zan ce motar ta zama wata aba ba, Corolla ce dai mai shekara ashirin. Amma daga Ngurore zuwa Numan, kusan kilomita 60 daga gida, hannu ɗaya ya isa riƙe sitiyari, tirela ta wuce ba ta ture mu ba. In ta hau tudu ta sauka sau ɗaya take zama. A kwanonin da ke wajen Kaltungo, inda da nake rage gudu har na baya su yi ta hon, ta bi layinta ba tare da ta kwanta ba. Kafin Billiri wasu awaki suka yanko titi, na taka birki na kauce, ta tsaya a miƙe, ruwan da ke hannun autana ma bai zube duka ba. Hajiya da ta saba kwana biyu tana jinyar baya in mun isa, tun kafin Cham barci ya ɗauke ta, sai a Gombe ta farka ta ce, "Kai, motar wa ka aro?"

Akwai abin da aka rasa, kada in ɓoye. A cikin gari, a ƙaramin gudu, sabon shok ya fi tsohon bayyana gargada. Mataccen shok yana da wani laushi na ƙarya da jiki ke sabawa da shi, sai da muka yi mako biyu kafin uwargida ta daina cewa motar ta yi tauri. Sababbin sifirin sun ɗaga bayan da kamar yatsa biyu ba tare da an cusa komai ba, amma har yau akwai tudu ɗaya a bakin layinmu da in mun cika mu biyar da buhun shinkafa sai na bi shi a karkace, wani lokacin ma sai manyan yara sun sauka.

A hanyar dawowa na ba ɗan yayana tuƙi daga Darazo zuwa Dukku. Ya yi shiru tsawon hanya, yana shiga kwana yana fita, ina kallonsa ta gefen ido. Da muka tsaya shan mai sai ya zagaya motar ya dawo ya ce, "Baffa, to ko fentin wilin ne a mayar baƙi?" Na ce a bari sai bayan damina. Shi kuwa bakanike, robobin ɗaga motar da ya riga ya yanko tun ranar farko suna nan rataye a ƙusa a bangon garejinsa, duk sanda na je juye sai ya nuna mini su da baki ya ce ajiyata ce.